Teku a Bayan Gilashi, Gaiwa a Bayan Gida

Mu mutanen ƙasar Daura, tarihinmu da rijiya ya fara. Duk yaron da ya zauna a aji ya san labarin Kusugu, da macijin nan da ake kira Sarki wanda ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sauka cikin dare ya nemi ruwa aka ce masa babu. Ke nan dabbar ruwa ta farko da muka sani a tarihi abokiyar gaba ce, ruwan da muka fara sani kuwa na guga ne. Teku ba ta cikin lissafinmu. Daga nan Babban Mutum, inda mutum zai iya yin sallar Asuba a Najeriya ya karya kumallo a Nijar, sai ka ci fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ka ga bakin teku a Legas. Don haka idan aka kira irina kifin rijiya, ba zagi ba ne, bayani ne.

Masu bibiyar wannan fili sun lura da shirun da na yi na makonni biyu, wasu ma har sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, na gode. Allah ne ya nufe ni da zuwa Umra. Bayan mun kammala ibada muka dawo Jidda, aka ce jirginmu sai jibi. A cikin wannan rarar lokaci ne wani ɗan'uwa mazaunin can ya ɗauke mu, ni da wani dattijo manomi daga wajen Baure da muka zauna ɗaki ɗaya tun daga Madina, ya kai mu gidan nuna halittun teku na Fakieh, wanda aka buɗe a 2013 a bakin Bahar Maliya. Yinin da muka yi a can shi ne abin da nake son mu tattauna yau, domin na shiga da niyyar kallo kawai, na fito da tambayar da har yanzu ba ta bar ni na huta ba.

Gani ya kori ji. Akwai wata doguwar hanya a cikin gidan da aka yi mata rufi da bango na gilashi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a bisa kai. Kana tafe, kifin shak yana wucewa ta saman hularka, yana kallonka da ƙaramin idonsa da ba ya ƙiftawa. Ga wani kifi mai faɗi kamar faifai, da wutsiya kamar bulala, yana kaɗa gefunansa kamar shaho a sama. Ga kunkurun teku da ya fi turmi girma yana iyo cikin natsuwa irin ta wanda ba a binsa bashi. Ga ƙananan kifaye masu launin da ko marinan Ƙofar Mata ba su taɓa haɗa irinsa ba: rawaya mai ratsin baƙi, shuɗi mai bakin ja, kore mai ɗigon fari. Dattijon nan ya tsaya cik, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, babu abin da yake maimaitawa sai tasbihi. Ni ma da nake taƙama da boko, bakina a buɗe yake.

A nan ne kuma na fara ganin murjani da ransa. Na tashi ina ganinsa a wuyan kakata, jan dutse mai tsada da ake ajiyewa a ƙasan adaka sai ranar biki. Ashe ba dutse ba ne tun asali. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne ke gina shi a hankali, zuriya bayan zuriya, har ya zama gari guda a ƙarƙashin ruwa, kifaye su mai da shi gida da kasuwa. Bahar Maliya, wadda ruwanta ya fi na yawancin tekuna gishiri saboda zafin rana da rashin wani babban kogi da ke zuba a cikinta, tana ɗauke da nau'in kifi fiye da 1,000, wasunsu ba a samun su a ko'ina a duniya sai can. Alhazanmu dubbai suna ratsa samanta kowace shekara, da yawa ba su san abin da ke ƙarƙashin wannan shuɗin da suke hangowa ta tagar jirgi ba.

Da la'asar ta kusa aka ce a zo a ga wasan dolfin. Muka zauna a kan benaye kamar na filin ƙwallo, yara sun cika wurin da sowa. Mai horarwa ya busa usur, sai ga dabbobi sumul-sumul, masu dogon baki kamar suna murmushi, sun yi tsalle daga ruwa sun wuce tsayin mutum biyu, sun juya a iska sun koma. Suka yi wasa da ƙwallo, suka yi tafiya a kan wutsiya, suka fantsama wa na layin gaba ruwa. Aka fito da zakin teku, shi ma ya yi tafi da fukafukansa ya karɓi ladansa. Bayan kowace bajinta sai mai horarwa ya sa hannu a bokiti ya jefa musu kifi. Na yi dariya, na yi tafi, ba zan ɓoye ba. Kuma a iya ganina, ban ga an doki wata dabba ba, ban ga wadda ta rame ba, masu kula da su kuwa da alama suna ƙaunarsu.

Muna fita dattijon ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, in tambaye ka mana. Waɗannan bayin Allah, idan an tashi daga wasa, ina suke kwana?" Na ce, "A nan cikin ruwan, Baba." Ya juya ya dubi tafkin, sa'an nan ya juya ya dubi teku, wadda ke shimfiɗe a bayan katanga ba ta da iyaka, ya ce, "Ikon Allah. Ga gida ana gani, ba a zuwa." Bai ƙara ba. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kiwo ya san bambancin dabbar da ta ƙoshi da dabbar da ta sake. Tambayarsa ce ta sa da na dawo masauki na kasa barci, na shiga bibiyar tarihin wannan sana'a ta nuna dabbobin teku.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne dolfin ba kifi ba ne, ko da yake siffarsa ta kifi ce. Dabba ce mai shayarwa kamar saniya. Tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi nono. Da huhu take numfashi, ta wata ƙofa da ke tsakiyar kanta, shi ya sa dole ta riƙa fitowa sama, kuma ko barci za ta yi, rabin ƙwaƙwalwarta ne ke hutawa, rabin yana gadi. Tana gane abin da ke gabanta ta hanyar aika sauti da sauraren amsa-kuwwarsa. Masana sun tabbatar kowace tana da irin fitonta na daban da 'yan'uwanta ke gane ta da shi, kamar dai suna. A teku cikin dangi take rayuwa, tana cin kilomita masu yawa a yini wajen farauta. Irin wannan halitta ce ake sakawa a tafkin siminti da za ta iya zagayewa cikin 'yan daƙiƙu.

Ba dattijon Baure ne ya fara wannan tambaya ba. Akwai babban dangin dolfin da ake kira oka, baƙi da fari, wanda nauyinsa kan kai tan 5 ko fiye. A 1983 aka kama wani ɗan oka mai kimanin shekara biyu a tekun Ayislan, aka raba shi da uwarsa, aka sa masa suna Tilikum. Ya ƙare a gidan wasan SeaWorld da ke Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, inda a ranar 24 ga Fabrairu, 2010, ya ja wata ƙwararriyar mai horarwa cikin ruwa ta mutu a gaban 'yan kallo. A 2013 aka fitar da wani fim na gaskiya mai suna Blackfish a kan rayuwarsa, mutane suka fara ƙaurace wa wasan, har a 2016 kamfanin ya sanar da daina hayayyafar oka a gidajensa. Tilikum ya mutu a Janairun 2017, bayan fiye da shekara 30 a tsare. Indiya ta hana kafa gidajen wasan dolfin tun 2013. Kanada ta yi doka a 2019 da ta haramta kamawa da hayayyafar irin waɗannan dabbobi don nishaɗi. Faransa ta yi tata a 2021, kuma a Janairun 2025 babban gidan Marineland da ke Antibes ya rufe ƙofa. Ko da SeaWorld ya buɗe reshe a Abu Dabi a 2023, babu oka ko ɗaya a ciki.

Adalci ya sa dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Irin waɗannan gidaje sun ceto dabbobi da yawa da jirage suka raunata ko tarun masunta ya sarƙe, sun yi musu magani sun mayar da su ruwa. Yara da yawa da suka zama masanan teku a bakin gilashin irin waɗannan gidaje sha'awar ta fara kama su. Kuma buɗe ƙofa a ce dabba ta tafi ba ƙaramin aiki ba ne. Wani oka mai suna Keiko, da ya fito a fim ɗin Free Willy na 1993, an kashe dukiya mai yawa aka mayar da shi tekun Ayislan a 1998, amma bai iya komawa cikin dangi ba, ya ci gaba da neman mutane har ya mutu a gabar Norwe a 2003. A Antibes kuwa, watanni bayan an rufe gidan, oka biyu, uwa da ɗanta, sun ci gaba da zama cikin tafki ana ta muhawarar inda za a kai su. Darasin a fili yake: kamawa ce mai sauƙi, saki ne mai wuya. Mu kuwa ba ma buƙatar wani ya zo daga Turai ya koya mana nauyin wannan al'amari, domin tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Wanda ya tsare rai, ya ɗauki amanarsa.

To, amma ba don in yi wa mutanen Fulorida ko Jidda wa'azi na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya fi damuna a gida na same shi. Da na dawo, jikokina suka kewaye ni suna kallon hotunan da na ɗauko a waya. Wani daga cikinsu, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Kaka, wannan ai dolfin ne," ya shiga ba ni labarin yadda yake tsalle da yadda yake ceton mutane, duk ya gani a YouTube. Na ji daɗi. Sai na ce masa, "To, maigidana, gaiwa fa, ka san ta?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ko sunan wani gari ne. Na tambaye shi minjirya, ya girgiza kai. Na tambaye shi ayu, sai ya yi dariya ya rufe baki, domin shi a saninsa kalmar zagi ce. Yaro ya san dabbar da ke tekun da bai taɓa gani ba, bai san wadda ke kwance a ƙarƙashin busasshen tafkin bayan garinsu ba.

Muna yara, idan rani ya tsananta tafkuna suka ƙafe, ƙasa ta tsage, mukan bi manya da fartanya muna neman wata 'yar ƙofa a cikin busasshen taɓo. A haƙa a hankali, sai ga gaiwa a naɗe cikin wani kwanso da ta yi da majinar jikinta, da ranta. Wannan kifi yana da huhu. Idan ruwa ya ƙare sai ya nutse cikin laka, ya rage bugun zuciyarsa, ya riƙa shaƙar iska ta wannan 'yar ƙofa, yana rayuwa da tsokar jikinsa har damina ta dawo, wata shida ko bakwai ko fiye. Daga nan Bahaushe ya samo maganar cin jiki irin na gaiwa, tun kafin a rubuta haka a littafin kimiyya. Masanan duniya suna nazarinta don su fahimci yadda halitta ke jure dogon azumi ba tare da gaɓoɓinta sun lalace ba. Na rantse babu abin da na gani a bayan gilashin Jidda da ya fi wannan ban mamaki. Bambancin kawai shi ne can an haska fitila, an rubuta allo, an karɓi kuɗin shiga.

Haka minjirya, wadda ke tara lantarki a jikinta har ya haura bolt 300, ta girgiza duk masuncin da ya yi gangancin damƙarta. Haka giwan ruwa, wanda kan fi ƙaton mutum nauyi, shi ne ake fafutukar kamawa a kogin Matan Fada a bikin Argungu, bikin da ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ga tsage mai haƙora kamar zarto, ga ƙurungu, ga ragon ruwa, ga yauni, ga talibambam da ke kumbura kamar ƙwallo idan ya ji tsoro. Kakanninmu sun ba kowanne suna, sun san lokacin ƙwansa da abincinsa da inda yake ɓuya. Wannan ilimi ne cikakke, yana hannun sarakunan ruwa da tsofaffin masunta, kuma kullum ana binne wani sashe nasa a maƙabarta.

Ayu kuwa shi ne dolfin ɗinmu, in dai ana maganar dabbar ruwa mai shayarwa. Yana rayuwa a kogin Kwara da Binuwai da rassansu, a tafkin Kainji, da tafkin Pandam a jihar Filato, da tafkin Lere a ƙasar Cadi. Galibi ciyawar ruwa yake ci, ba ya cizo, ba ya faɗa. Macen tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan shekaru ta sake wani, don haka kowane ɗaya da aka kashe giɓi ne da ba ya saurin cikewa. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana farautarsa, kuma a 2013 yarjejeniyar duniya ta CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Amma je kasuwar da ka ga dama a Arewa, za ka ji mai magani da lasifika yana tallar man ayu. In na gaske ne, an kashe dabbar da doka ta kare. In na jabu ne, an cuci mai saye. Ko ta ina aka duba babu alheri. Abin kunya ne a ce dabba mai wannan natsuwa ba mu bar mata komai a harshenmu ba sai sunan batsa da kwalbar mai.

Kada wani ya ce halittar Allah ba ta ƙarewa. Ayu yana da wani babban ɗan'uwa da ya rayu a tekun sanyi tsakanin Rasha da Alaska. Turawa sun fara ganinsa a 1741. Zuwa 1768 mafarauta sun cinye shi kakaf. Shekara 27 kacal. A ƙasar Sin, kogin Yangtze yana da nasa farin dolfin da ya rayu a cikinsa tun fil azal. A 2006 masana suka yi makonni suna bin kogin da jirage da na'urori, ba su ga ko ɗaya ba. Babu wanda ya zauna ya ƙulla niyyar ƙarar da shi. Taru ne, da jirage, da madatsai, da dattin masana'antu, kowa yana harkar gabansa.

Mu ma ruwayenmu suna ba da irin wannan labari. Tafkin Cadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rasa kusan kashi tara cikin goma na faɗinsa zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma ko da yake yakan farfaɗo a shekarun ruwa, bai koma yadda yake ba. Nan kusa da mu, fadamar Haɗeja zuwa Nguru, wadda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu a cikinta, ta canja tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika ta kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna kuka. A garuruwanmu kuwa, kududdufan da muka koyi iyo a ciki an cike wasu an yanka filaye, wasu sun zama juji, leda ta rufe fuskarsu. Inda ruwa ya rage, akwai masu su da gidan sauro, suna kwashe uwa da 'ya'ya har da ƙwai, akwai ma masu zuba gubar feshin ƙwari don kifi ya taso, su kai kasuwa mu saya mu ci.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in yi wannan rubutu tun yanzu shi ne na san halin manyanmu. Duk wanda ya je Dubai ko Jidda ya dawo, sai ya zo da mafarkin dasa abin da ya gani a jiharsa. Ba zan yi mamaki ba idan wata rana muka wayi gari aka ce za a gina katafaren gidan wasan dolfin a wani babban birnin Arewa don jawo 'yan yawon buɗe ido. Kafin a kai ga haka, a tuna cewa irin wannan gida yana buƙatar ruwan gishiri mai yawa da ake tacewa dare da rana, da lantarkin da ba ya ɗaukewa ko na sa'a ɗaya, da kifin teku sabo kullum, da likitocin dabbobi na musamman. A garin da mata ke layi a bakin famfon burtsatse tun Asuba, 'yan ga-ruwa kuma suka fi kowa ciniki, wannan ba ci gaba ba ne. Za a yanke kyalle, a yi hoto, bayan shekara biyu injin tacewa ya tsaya, a bar bayin Allah su mutu a cikin koren ruwa. Kuma za mu shiga sana'ar ne daidai lokacin da waɗanda suka ƙirƙiro ta suke neman hanyar fita.

Abin da muke buƙata ya fi wannan araha, ya kuma fi shi amfani. Na farko, ɗakin kifayen gida. Ɗaki ɗaya ya isa, a Daura ko Katsina, ko a cikin gidan zu na Audu Bako da ke Kano, wanda tun farkon shekarun 1970 yake karɓar yaran makaranta. A jera akwatunan gilashi goma ko goma sha biyu, a sa gaiwa da minjirya da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da kififfiya, a rubuta sunan kowanne da halinsa da Hausa, da boko da ajami. Hasken rana ya isa ya juya 'yan injinan iska da ake buƙata. Muna da cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, muna da jami'o'i masu sashen nazarin kifi; ba sai an ɗauko ƙwararre daga waje ba. Baƙon da ya zo ganin rijiyar Kusugu zai samu wuri na biyu da zai leƙa.

Na biyu, a fitar da yara daga aji. Makarantar da ke ƙasar Daura ba ta da uzurin rashin kai ɗalibanta madatsar Sabke ko da sau ɗaya a shekara, ta Dutsin-ma kuma ga Zobe a ƙofar gida. A gayyato sarkin ruwa ya tsaya a gaban ɗalibai da komarsa da gorarsa, malamin kimiyya ya tsaya a gefensa, ɗaya ya faɗi abin da ya gada, ɗaya ya faɗi abin da ya karanta, ɗalibai su rubuta. Na uku, masarautu su dawo da abin da aka sani a da, wato hana su a lokacin da kifi ke ƙwai da hukunta mai zuba guba, domin maganar hakimi da dagaci ta fi takardar ma'aikata isa bakin ruwa. Na huɗu kuwa yana hannun kowannenmu: a daina sayen man ayu. Ranar da mai saye ya ƙare, ranar mafarauci zai rataye mashinsa.

Na san mai karatu mai kaifin hankali zai ce, "Malam, ka hana a tsare dolfin, ga shi kana neman a tsare gaiwa." Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, kifin da duniyarsa ba ta wuce kududdufi ba, wanda ma yakan yi rabin shekara a rami da bai fi tsawon hannu ba, ba daidai yake da dabbar da ke ratsa teku cikin dangi tana kiran 'yan'uwanta da suna ba. Duk da haka amana amana ce: in ba za a iya ciyar da su da sauya musu ruwa ba, kada a fara, kuma babu laifi a riƙa mayar da su inda aka ɗebo su bayan zango ɗaya a kawo wasu. Ayu kuwa ban ce a sa shi a akwati ba. Shi a bar masa koginsa. Hotonsa da labarinsa sun wadatar. Gilashi taga ce da yaro zai leƙa ya so abin da ke waje. Idan tagar ta zama ita ce kaɗai wurin da halittar ta rage, to an yi asara, ko da kuwa an cika benaye da 'yan kallo.

Jiya da yamma na ɗauki fartanya na ce wa jikan nan nawa ya biyo ni. Muka nufi wani tafki da ke bayan gari wanda ya ƙafe tun bayan kaka. Mun fi sa'a guda muna duba tsagar ƙasa, muna ture leda da gwangwani, har ya fara cewa ko dai tatsuniya na yi masa. Can dab da Magariba muka ga 'yar ƙofar. Na durƙusa na nuna masa, na ce ya kawo kunnensa kusa. Ya ce, "Kaka, mu haƙo ta mana in ɗauke ta a waya." Na ce a'a, maigida, ba mu zo da yunwa ba, kuma tana cikin ɗakinta. Muka kafa wani ɗan dutse a gefe don shaida, muka yi alkawarin dawowa idan ruwan farko ya sauka, mu ga ko za ta fito. Tun daga jiya ya tambaye ni sau uku saura wata nawa damina.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Daga Babban Mutum, ƙaramar hukumar Baure, jihar Katsina.